Jirgin Takwas da Kwata

A Izmir, a hawa na huɗu,
Nevzat na tsaye gaban ƙofarsa.
Ya murɗa makulli. Ya ja mariƙi. Ya sake murɗawa.
Ni ina matakala ta uku daga sama,
inda na yi shekara biyu ina tsayawa
har siminti ya san takalmina.

Bakwai yake ƙirgawa.
In tari ya sarƙe shi a ta biyar,
ko wani ya buɗe famfo a maƙwabta,
lissafi ya ɓaci, sai a koma ɗaya.

Ba kansa yake ji wa tsoro ba.
Tsohuwa Gülizar ce a hawan ƙasa,
ita da kyanwarta mai ido ɗaya.
Yana ganin wuta ta tashi daga murhunsa
ta sauka ta same su suna barci,
a ce sakacinsa ne.

Da can na ɗauka ƙauna ce
in ce, "Ka rufe, wallahi na gani."
Nakan ɗauki hoton murhun a wayata,
maɓallai huɗu duk a kashe,
in nuna masa a tsakiyar teku.
Sai ya huta, minti goma.
Daga nan: "Hoton nan na yau ne?"
Ruwa nake ɗiba da kwando,
ina kiran abin taimako.

Likitarsa, Dokta Sevim,
ta sa ya zo da ni wata Talata.
Ta ce waswasin nan ciwo ne mai suna,
ba raunin imani ba ne, ba iyayin tsabta ba.
Ta ce, "Duk amsar da ka ba shi
loma ce ka sa wa ciwon a baki.
Tsaya kusa da shi. Kada ka amsa."
Nevzat ya miƙo hannu muka ƙulla,
hannun da sabulu ya tsattsage.
Na fito ina jin haushin matar.

Yau ya murɗa sau ɗaya.
Ya juyo, goshi sharkaf da gumi:
"Tuncay, na rufe?"

Na ji ƙarar ƙarfen da kunnena.
Amsar na bakina kamar garwashi.
Na ce, "Mun yi alkawari."

Ya kira ni mugu.
Ya ce in gidan ya ƙone har da ni a alhakin.
Na ce, "Na ji. Ga hannuna."

Mun sauka hawa biyu,
ya fizge, ya koma sama da gudu.
Ban bi shi ba. Na zauna ina saurare.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Shiru.
Sai takunsa, a hankali, kamar mai ɗauke da tulu.

Jirgin takwas da kwata ya tafi ya bar mu.
A gaskiya akwai safiyar da nake so
in wuce ƙofar gidan nan ban tsaya ba,
in hau jirgi ni kaɗai in sha shayina da zafi.
Ban taɓa gaya masa ba.
Ina jin ya sani.

Mun hau na bayansa.
Gwiwarsa na rawa a jikin tawa.
Na sayo mana burodi mai riɗi,
ya gutsuttsura yana jefa wa tsuntsayen teku.
Leɓunansa na motsi, ƙirgawa yake.
Na gani, na kau da kai wajen ruwa.

Daf da gaɓar Konak ya ce,
"Uku na yi."
Na ce, "Na ji da kunnena."
Ya buɗe baki zai yi tambayar,
ya rufe,
ya karkaɗe riɗin da ke kan wandonsa.

"Gobe ka zo da wuri," in ji shi.
"Kuma kada ka amsa mini."